Ranar Da Na Kwashe Duwatsun Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa sauko da kakana daga kan dutse a cikin jakar makaranta. Har yau in an taru a gidanmu na Kachalla Sembe sai wani ya tayar da zancen, ni kuma in rasa inda zan ajiye idona.

Kakana ya rasu tun babana yana goye, a wani tsohon ramin haƙar zinariya da ke cikin duwatsu can bayan Sunkani. Ƙasa ta rufta da su, ba a fito da kowa ba. Iyakar abin da na sani ke nan, don ni ba mai tambaya ba ne. Duk shekara Kaka Saratu takan hau wurin, ni kuwa kullum ina da jarrabawa (ko in ƙirƙiro ta). A shekarar da na fara karatun ilimin duwatsu, gwiwoyinta suka gaji, ta ce wannan ne hawanta na ƙarshe. Ta dube ni ta ce, "Maigida, bana da kai za a je." Sunan marigayin aka sa mini, shi ya sa ba ta kiran sunana.

Malaminmu ya riga ya ce kowa ya kawo samfurin duwatsu, sai na ga dama ta samu. Na zuba salatif da biro da ledoji a jaka.

Rani ne. Ciyawa ta ƙone, duwatsu tsirara, ba inuwa sai ta ƙaya. Kaka na tafiya tana hutawa, Kawu Ishaya riƙe da hannunta. Ƙanwata Rifkatu kuwa ba ta bar ni na sha iska ba: "Farfesa, riƙe gilashinka, kar ka gangara mu rasa mai ilimin gidan." Don in tsere wa bakinta na wuce gaba, na riga kowa isa.

Wurin shiru. Wani gini ba rufi, inji da tsatsa ta cinye, ramuka cike da sarƙaƙiya. A bakin babban ramin sai ga tarin duwatsu, farare masu sheƙi a gefe guda. Na tuna littafi ya ce masu haƙa sukan watsar da irinsu bayan sun gama. Murna ta kama ni. Na zauna na goge kowanne da hankici, na manna masa salatif, na rubuta lamba. (Har da bayanin launi. Ni ba na aikin rabi.) Sai da na kwashe fararen tas.

Kaka ta iso tana haki. Ta kwance haɓar zaninta, ta fito da wani farin dutse, ta nufi tarin. Sai ta tsaya cak.

"Ishaya, ina nawa?"

Kawu ya leƙa nan, ya leƙa can.

"Kowane gida da gefensa," in ji ta. "Nawa farare ne. Tun ina da goyo nake kawo masa ɗaya duk shekara." Ta nuna gefen da ya zama wayam. "Kabari bai samu ba. Wannan ma an hana shi?"

Kawu ya hau tsine wa masu haƙar ɓoye. Ni kuwa ina tsaye, jaka na jan kafaɗata kamar na goya tsaunin duka. Da na yi shiru, ba wanda zai sani. Amma Kaka ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka, a hawanta na ƙarshe.

"Kaka," na ce, da muryar da ni ma da ƙyar na ji. "Suna nan."

Na zuge jakar. Rifkatu ta ɗauki ɗaya ta karanta da ƙarfi, "Samfuri na bakwai. Fari, mai ɗan sheƙi." Kawu ya ce, "Kai, wannan karatun naka!"

Kafaɗun Kaka suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, har na durƙusa. Ashe dariya take, hawaye na zuba.

"Maigida! Shekara da shekaru ina roƙonsa ya sauko gida, ya ƙi. Kai ka zo masa da jaka!"

Muka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, tana nuna inda kowanne yake zama. Na fara ɓare salatif, ta riƙe hannuna.

"Bar su. Ni ban iya rubutu ba, ban taɓa rubuta masa komai ba. Yau ya ga hannun mai sunansa."

Sannan ta damƙa mini sabon dutsen ta ce in ajiye da kaina, don baɗi aikina ne.

Na koma makaranta da jaka ba komai, malam ya ba ni makin da ya dace. Amma duk rani ina hawa da farin dutse a aljihu, in na dawo Kaka ta tare ni a ƙofa ta ce in buɗe jaka ta gani. Abin da na koya kuwa: duk abin da ka tarar an jera shi da kyau a tsakiyar daji, akwai mai shi. Ka yi tambaya kafin ka zaro salatif.