Barewa a Kan Babur

A duk faɗin tudun nan namu, inda ko tsohuwa za ta ɗebo wuta a maƙwabta da sassarfa take zuwa, ba a taɓa yin masanin gudu kamar Malam Yatich ba. Shi ne shugaban makarantar kwana ta garinmu. Zakarun da suka zaga duniya da ƙafa suka san gudu, shi kuwa Allah ya ɗaukaka shi, da baki ya san shi. Tumbinsa kan riga shi shiga ofis, ya huta, sannan mai shi ya iso. Ɗalibai suna kiransa Barewa. Da labari ya kai masa, sai ya sa aka rubuta sunan a ƙofar ofishinsa.

Wata rana ya dawo daga taro a birnin Eldoret da sabuwar hikima. Ya tara makaranta, ya hau kan benci, bencin ya yi ƙara.

“’Ya’yana, na yi bincike. Ilimi a cikin jini yake. In mutum ya kwana, jinin sai ya kwanta a ƙafa kamar gasara a gindin ƙwarya. Sai an girgiza shi yake hawa kai. Ni da kuke gani, ba don karatu ya riƙe ni ba, da yanzu Turawa suna kuka da ni a filayen duniya. Daga gobe, kullum da asuba, gudu.”

Mataimakiyarsa, Malama Chebichii, ta ce, “Yallaɓai, ai yaran nan da gudu aka haife su.”

Ya ce, “Wannan gudun jahilci ne. Nawa na ilimi ne.”

Asuba ta yi, hazo ya rufe gonakin masara, sanyi kamar ya cire kunne. Sai ga Barewa ya fito cikin jajayen kayan wasanni, da usur a wuya, da takalmin gudu sabo fil. Ya miƙe hannu, ya lanƙwasa wuya, ya ja numfashi. Sannan ya hau babur. Ba kasala ba ce, kada a yi masa sharri. Shi da kansa ya bayyana cewa janar ba ya yaƙi a ƙasa.

A kan babur ɗin ya ɗaura lasifika. Kullum yana bin bayan ayari a hankali, yana ƙarfafa wa yara gwiwa da tarihin rayuwarsa: yadda ya yi magana tun yana wata uku, yadda malamansa suka riƙa zuwa gida yana duba musu aiki, yadda ya taɓa bin zomo har zomon ya tsaya ya ba shi haƙuri. Na gaba suna jin abin sama-sama. Wanda ya rage a baya kuwa, shi ake ɗura wa har da ɓawo.

Ranar farko, wata ’yar ajin ƙarshe mai suna Jeptum ce ta rage. Yarinya ce da ta ɗauki aji ɗakin barci, littafi kuma matashin kai. Ta dawo makaranta ido ya yi ja, tana tafe tana haɗa hanya.

Ƙawarta ta ce, “Ke, faɗuwa kika yi?”

Ta ce, “Ina ma. Daga kakansa ya fara. Da muka iso ƙofa ba a ma haife shi ba.”

Washegari ita ta fara isowa. Ta tarar da aji shiru, ba lasifika, ba zomo. Don murna ta buɗe littafi. Malam ya ga haka, ya ce hikima ta fara aiki. Sai ya ƙara doka: duk wanda ya faɗi gwajin Juma’a, ranar Asabar zai bi babur shi kaɗai, a ba shi lacca ta musamman.

To, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Littattafai suka yi wuyar samu. Yaran da ba su san hanyar ɗakin karatu ba suka koma dambe a kan kujera. Jeptum ta kama lissafi kamar mai fita rijiya. Shanun bakin hanya suka daina kiwo a wajen, suka koma ƙetaren kwari. Wani manomi ya zo ƙara, wai nononsa yana tsami tun a jikin saniya. Malam ya dafa kafaɗarsa, ya ce, “Ka gode wa Allah, dattijo. Ko dabbobinka sun waye.”

Da sakamakon jarrabawa ya fito, makarantar ta zo ta ɗaya a yankin. Aka shirya biki. Iyaye suka cika fili, babbar jami’ar ilimi ta zo da motarta. Malam ya ɗinka sabuwar kwat, don ya riga ya faɗa wa kowa ƙarin girma na tafe, birni zai koma.

Aka kira Jeptum, wadda ta fi kowa, ta faɗi sirrin nasara.

Ta russuna ta ce, “Ranki ya daɗe, muryar Malam ce. Duk wanda ya ji ta, ba ya iya tsayawa.”

Malam ya zaro hankici ya share ƙwalla.

Jami’a ta ce, “Ashe kuwa ya kamata mu ma mu amfana. Malam, ga fili.”

Ya miƙe, ya karɓi lasifika, ya gyara murya. “Jama’a, don ku fahimce ni sosai, zan fara daga kakana.”

Ɗalibai ba su yi shawara ba, ƙafa ce ta yanke hukunci. Iyaye suka ga ’ya’yansu sun ranta a na kare, suka ce ba lafiya ba, suka bi. Wani tsoho ya jefar da sandarsa ya tsallake shinge. Jami’a ta daure, don mace ce mai sanin ya-kamata. Ta daure har aka yi wa kakan kaciya. Daga nan ta cire takalmi ta riƙe a hannu. An ce ta riga direbanta isa Eldoret.

Malam ya dubi ƙurar da ta tashi, ƙirjinsa ya cika da alfahari. Ya ce, “Kin gani, Malama Chebichii? Har manya.” Ya waiwaya, ya ga kujerarta tana lilo.

Ba a jima ba amsar hukuma kan ƙarin girman ta zo. An yaba da ƙwazonsa matuƙa, an kuma yanke cewa ba za a taɓa ɗauke shi daga nan ba har ya yi ritaya. Wai an duba ƙasar kaf, garinmu kaɗai ke da ƙafar zama da shi.