Sadaukarwar Ƙafar Raelynn

Idan za a lissafa mutanen da suka gina tarbiyyar garin Pecan Ford, dole a fara da Delbert Hoskins, domin shi ma da kansa yake farawa. Da safe tayoyin mota yake sayarwa a bakin babbar hanya. Da yamma kuwa, ya kafa jar hula, ya rataya usur a wuya, sai ya koma Koci Delbert, mai horar da Rina, ƙungiyar sofbol, wato wasan dukan ƙwallo da kulki, ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu. A wasan nan ba a busa usur, amma wa zai gaya masa? Iyayen yara sun laƙaba masa suna Wa'azi Kyauta. Da sunan ya kai kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce ashe garin bai rasa masu godiya ba.

"Ni ba ƙwallo nake koyarwa ba," in ji shi ga duk wanda ya zo sayen taya. "Rayuwa nake koyarwa. Ka ba ni yarinya wata uku, in mayar maka da mutum."

Kuma ba ya rowar iliminsa, Allah ya sani. Ana tashi daga wasa, yaran za su durƙusa da gwiwa ɗaya a kan ciyawa kamar yadda aka saba, shi kuma ya tsaya a kansu ya riƙe ƙugu. Sauran masu horarwa minti biyu suke yi. Delbert ba ya kasa minti arba'in. Wadda ƙwallo ta kuɓuce mata ta sha darasi kan riƙon amana. Ranar da kare ya kutsa fili ya gudu da ƙwallo, an sha darasi kan ƙaddara. Alawar ƙanƙarar da iyaye suka kawo ta narke ta koma ruwa, sauro ya ci rabonsa, uwaye suna danna hon a cikin motoci, shi kuwa yana ɗauka tafi ne.

Abu ɗaya ya hana wannan bawan Allah sakat: shekara bakwai yana gina hali, bai taɓa cin kofin gunduma ba. A bana Rina suka kai wasan ƙarshe. Tun ranar Laraba ya kwashe gwangwanayen mai daga kantar shagonsa, ya goge wurin, ya sa ƙaramar fitila a sama. Kofin kawai ake jira.

Sai dai akwai doka. Duk yarinyar da ta zo fili da lafiyarta, dole ta riƙi kulki ta fuskanci mai jifa ko sau ɗaya ne, in ba haka ba ƙungiyarta ta faɗi, ko da ita ta ci. Ga kuma Raelynn Tuttle, 'yar shekara goma, mai tabarau, wadda ke rufe ido gam kafin ta kai duka. Tun watan Afrilu kulkinta bai taɓa haɗuwa da ƙwallo ba. Ita ce ta fi kowa murya wajen waƙar ƙarfafa gwiwa daga benci, kuma ba ta taɓa fashin zuwa ba. Delbert ya kwana uku yana juya lamarin, har basira ta sauko masa.

Ranar Asabar, kafin a fara, ya kira ta bayan rumfar masu sayar da gugguru, ya zaro bandeji daga aljihu, ya shiga naɗe mata ƙafa.

"Raelynn, 'yata, yau za ki koyi darasin da ya fi kowanne girma. Sadaukarwa."

"Koci, ai ƙafata lafiya lau."

"Na sani. Abin da ya sa ta zama sadaukarwa ke nan."

"To da wacce zan ɗingisa?"

"Da mai bandejin mana!"

Ran yarinyar ya ɓaci sosai, domin kakarta ta tuƙo mota tun daga gona, ta kafa kujerarta a gaba don ta gan ta da kulki. Amma Koci ya faɗa. Ta goge tabarau da bakin riga ta koma benci.

Abokan karawarsu Kurciyoyi ne daga Miller Creek. Mai horar da su wata Nadine ce, direbar motar makaranta, wadda duk hikimarta ba ta wuce "ku yi wasa, ku sha ruwa" ba. Delbert yana tausaya wa yaranta ƙwarai. Wasa ya yi zafi, aka tashi biyar da huɗu, Rina a sama. Yara suka jeru suna tafa hannun juna kamar kullum, Raelynn a ƙarshen layi tana ɗingishi bil haƙƙi, wani lokacin da hagu, wani lokacin da dama.

Shugabar gasar, Opal Whitlow, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce. Ta miƙa wa Delbert kofi, sannan ta yi kuskuren miƙa masa lasifika.

"Kalma biyu, Delbert. Mutane na jin yunwa."

Ya rungume kofin, ya gyara murya.

"Jama'ar Pecan Ford, ba ni na ci kofin nan ba. Hali ne ya ci. Ni dai na shuka shi ne kawai, na ba shi ruwa, na yi masa shinge. Kuna neman shaida? Ku dubi yarinyar can mai bandeji. Da wata yarinyar ce, kuka za ta yi, ta ce sai ta buga. Raelynn kuwa, da na nuna mata amfanin ƙungiya, ta haƙura ta zauna, alhali babu abin da ya sami ƙafarta! Wannan ba a koyar da shi a makaranta. A wurina ake samu."

Fili ya yi tsit. Delbert ya lumshe ido, ya tabbata maganar ta ratsa zukata.

Opal ta zuge jakarta a hankali, ta fito da ɗan littafin dokoki.

"Delbert, ka ce lafiyarta lau?"

"Garau! Raelynn, yi tsalle su gani."

Raelynn ta yi tsalle. Ta ƙara wani, don ba ta son a ce ta yi ƙwauron biyayya.

Sai a lokacin maganar Delbert ta iso kunnen mai ita. Opal ta kama kofin ta ja, ya riƙe, ta sake ja, ya saki. Ta juya ta damƙa wa Nadine, wadda ta karɓa da hannu ɗaya domin ɗayan yana riƙe da gorar ruwa.

Jama'a suka fara naɗe kujeru. Delbert na tsaye a tsakiyar fili da lasifikar da aka riga aka kashe, sai ya ji ana jan rigarsa. Raelynn ce, bandeji ya warware yana jan ƙasa.

"Koci," ta ce, "gobe a coci ma in ɗingisa, ko an gama?"