Taswirar da Ta Kusa Cinye Gonar Malam Iro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi gyara garinmu da takarda ɗaya ba. Lokacin ban daɗe da gama karatun tarihi a jami'a ba, na dawo gida Rurum kaina na hayaƙi. Duk wanda ya tambaye ni me ake ci da tarihi, sai in gyara murya in ce ai da shi hukuma ke yanke shawara. (Har mai rake na bakin tasha sai da ya sha wannan lacca.)

Gab da damina rigima ta tashi kan burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi. Makiyaya suka ce an nome ta, manoma suka ce ƙarya ne. Dagaci ya kira zama, kawuna ya ce, “Ga ɗanmu masanin tarihi, a ba shi dama.” Ni kuwa ina da hoton wata taswira ta zamanin Turawa da na samo lokacin bincikena na ƙarshe.

Na zuba babbar riga, na baje taswirar a kan tabarma, na yi jawabi mai tsawo, rabi Hausa rabi Turanci. Sannan na ɗora yatsa na ce, “Ga dutse yamma da gari. Daga gari, burtali ya yi gabas, ya ratsa ta nan.” Nan ɗin kuwa gonar Malam Iro ce, dattijon da ba shi da abin ciyar da iyalinsa sai ita.

Malam Iro ya ce, “Ɗana, ka sake dubawa.”

“Baba, takarda ba ta ƙarya,” in ji ni. (Allah Ya yafe mini wannan baki.)

Wuri ya kaure da hayaniya, har wasu na cewa a je a kafa turaku a gonar. Sai Ardo Bello, shugaban makiyayan, wanda maganata ta fi yi wa amfani, ya matso ya ce, “Malam ɗan boko, wannan ɗigon wane gari ne?”

“Rurum mana.”

“Wace Rurum? Tsohon Gari ko Sabon Gari? Don in dutse na yamma da gari kamar yadda ka karanto, to Tsohon Gari ne. Tun ina yaro nake kora shanu a hanyar nan, ba mu taɓa taka gonar Iro ba.”

Ashe tun kafin a kafa Sabon Gari, inda muke zaune yanzu, aka zana taswirar, ni kuwa daga Sabon Gari na yi awona. Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka taya shi. Kawuna ya sunkuyar da kai. Malam Iro bai yi dariya ba, kallona kawai ya yi, ya ɗauki takalmansa ya tafi. Dattawa suka zaga da ƙafa suka nuna burtalin, ni kuwa na sulale gida.

Kullum sai in ce gobe zan je in ba shi haƙuri, kunya ta hana. Bayan girbi ya kwanta ciwo, ya rasu ban je ba. Dariyar mutane ta wuce tuni, wannan ne ke cina har yau.

Yanzu a kwamitin filaye nake aiki, kuma ba na buɗe fayil sai na zauna da tsofaffin wurin. Ashe kafin ka nuna wa mutane inda kakanninsu suka bi, sai ka fara sanin garin da kai kake tsaye a ciki.