Kujerar da Ta Ba Tsere Baya

A wani daji da ya kewaye wani tsohon tafki, dabbobi ba su da abin da suka riƙa da muhimmanci kamar tseren amalanke. Amalanken nan ba wasu na musamman ba ne. Su ne dai waɗanda ake dakon itace da rogo da su ranar kasuwa. In damina ta ja baya sai a shafa musu lamba a gefe, a ɗiga man gyaɗa a ƙafafunsu, a ɗaura wa gadu igiya ya ja, biri ya zauna a sama da linzami. Su kewaye tafkin sau hamsin, kullum ta hannun hagu, su tsaya daidai inda suka tashi. Wanda ya riga isa inda ya baro shi ne gwani. A kan wannan ake ɓata zumunci, a kansa ake raɗa wa 'ya'ya suna.

Wurin kallo mafi daraja shi ne Kwanar Tsamiya, inda layin ƙarshe yake. Duk amalanken da ya sha wannan kwana sai ya watsa wa 'yan kallo jan taɓo. Ba sa kaucewa, miƙa wuya suke yi. Suna kiran taɓon lallen tsere, kuma wanda ya samu ba ya wanka sai bayan kwana bakwai. Za ka ga rago mai iyali yana yawo a kasuwa da busasshen taɓo har cikin kunne, ana ba shi hanya.

Babu dokar da ta faɗi wanda zai zauna a Kwanar Tsamiya. A bakin ƙofa ma akwai allo da aka rubuta KOWA NAMU NE. Amma tun zamanin kakanni masu farin gashi ne kaɗai ke zama a wurin: fararen raguna, balbelu, fararen kaji da zomaye. In mai baƙin gashi ya nufo ƙofa, sai a ce masa wuri ya cika, yana hango bencina babu kowa. Da za ka tambaye su, rantsuwa za su yi maka cewa ba sa ƙin kowa. Su dai sun lura ne baƙaƙe ba su fahimci tsere ba, abin ba ya cikin jininsu, kuma zalunci ne a zaunar da mutum gaban abin da bai gane ba.

A bayan zanan da ya kange wurin akwai wata baƙar akuya, Tabawa. Shekara goma sha tara tana zuwa ta jingina kunne da zanan. Ba ta taɓa ganin tsere ba, amma ta san kowane amalanke da kukan ƙafarsa. Ta san Lamba Tara, wanda take so, yana da wani siririn kuka a ƙafar hagu. Ta san gadun Lamba Uku yana atishawa in ya gaji. A wannan shekara yanar ido ta rufe mata idon dama, ta fara cin na hagu, mai maganin dajin kuma bai ɓoye mata ba: kafin wata damina ba za ta bambanta tsamiya da kuka ba. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Tana so ta ga ƙarshen tsere sau ɗaya da idonta, kafin idon ya tafi.

Barmo hankaka ne ya yi mata jagora zuwa majalisar Ƙungiyar Masoya Tsere. Shi Barmo an taɓa zaman kwana uku a kansa, saboda baƙi ne mai farin ƙirji. Aka yanke cewa ƙirjinsa na iya shiga. Tun daga lokacin a kan zana yake kallo, ƙirji a ciki, wutsiya a waje, kuma ana kawo shi misali duk sanda aka zargi ƙungiya da wariya.

Shugaban ƙungiya wani farin rago ne, Nomau, mai son Lamba Uku kamar ransa. Shekara goma sha ɗaya Lamba Uku bai ci ba, Nomau kuwa ya yi alwashin ba zai bari a yi masa sausaya ba sai ya ci, har gashinsa ya kai yana sharar ƙasa. Kusa da shi Lanti balbela ce, mai tsaron ƙofa.

Tabawa ta durƙusa ta gaishe su, ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo neman inuwa ba, ban zo neman a ce da ni wata ba. Idona ne zai tafi. Shekara goma sha tara ina jin abin nan da kunne. A ba ni gefen benci, ko ƙasa ma, yini ɗaya. In na ga yadda suke shigowa layi, shi ke nan, ba za ku ƙara ganina a ƙofa ba."

Lanti ta ce ai Iya ba za ta gane komai ba, wahalar da kanta kawai za ta yi. Don ta tabbatar wa majalisa haka, sai ta tambaye ta wa ya ci shekarar da reshen tsamiya ya karye. Tabawa ta ce Lamba Biyar. Nomau ya yi murmushi ya ce Lamba Shida ne. Tabawa ta ce a yi haƙuri, Lamba Shida ƙafarsa ta fita a kewaye na arba'in da biyu, ta ji ta tana gangarawa cikin tafki. Duk 'yan majalisa suka tuna haka aka yi. Wani zomo ya ce a hankali, wannan rashin kunyar ita ce abin da ake gudu.

Da a wata shekara ce, da an sallame ta. Amma bana an gayyato manya daga dazuzzukan makwabta, kuma labari ya iso cewa a can ana gulmar Kwanar Tsamiya. Aka yi yini biyu ana shawara, sannan Nomau ya tara jama'a ya yi jawabi.

"Jama'ar tsere, masu ƙin mu suna cewa muna ware wasu. Yau za mu kunyata su. Majalisa ta ƙera kujera ta musamman, mai suna Kujerar Haɗin Kai, kuma 'yar'uwarmu Tabawa ce za ta fara zama a kai. Ba a gefe za a ajiye ta ba, ba a baya ba. A gaba, a bakin layi, inda ko ni ban taɓa zama ba. Kuma da yake amfanin wannan kujera shi ne kowa ya ga wanda ke kanta, majalisa ta ga ya dace ta fuskanci jama'a. Ba ma so manyan da muka gayyato su koma su ce ƙeyar akuya kawai suka gani, ba su tabbatar ba. Fuskarta za su gani, su ga tana murna."

Aka yi ta buga kofato. Barmo ya ce daga kan zana, to ai in ta fuskanci jama'a ta ba tsere baya ke nan. Aka tuna masa cewa bakinsa na cikin ɓangaren da ba a ba izinin shiga ba.

Ranar tsere ta zo bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka yi da yammar jajibirinta, fili ya jiƙe sharaf. Lanti ta riƙo Tabawa har kan kujera, ta gyara mata zama, ta ce, "Iya, ki riƙa murmushi, kin ji? Kuma ban da waiwaye." Manyan da aka gayyato suka zo ɗaya bayan ɗaya suka dube ta, suka jinjina wa Nomau. Alƙalin tsere, wani farin jaki mai suna Arzika, ya yi kuka sau uku, amalanke suka tashi.

Tabawa ta zauna tana kallon haƙoran raguna. A bayanta, taku uku kacal, abin da ta yi shekara goma sha tara tana jira yana wucewa. Ba a taɓa samun lalle irin na ranar ba. Kowace kwana sai taɓo ya tashi kamar an watsa da ƙwarya. Kafin kewaye na talatin duk bencinan sun koma ja, bayan Tabawa ma haka. A kewaye na arba'in ta ji gadun Lamba Uku ya yi atishawa, ta ji siririn kukan Lamba Tara yana matso shi. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta miƙe, ta juya kujerar, ta zauna. Amalanke na gaba da ya wuce ya shafe mata fuska da ƙirji. Ta goge idon hagu da gwiwa, ta buɗe shi.

Can Lanti ta waiwayo don ta duba ko Iya na murmushi. Ba ta ga baƙar fuska ba. Abin da ta gani wata jar dabba ce zaune tana kallon fili kamar kowa. Ko a ranta ba ta kawo cewa Tabawa ce ba, don a saninta mai baƙin gashi ba ya kallon tsere, kallonsa ake yi. Ta ɗauka wani ɗan ƙungiya ne ya samu kujera babu kowa ya haye. Ta tashi fir ta sauka a kafaɗar Nomau, ta raɗa masa cewa baƙar ta bar wurinta ta shige cikin jama'a.

Maganar ta bi bencina. Kowa ya dubi na kusa da shi, ya ga ja. Wanda ka yi shekara ashirin kuna zama tare, yanzu ba ka da shaidar ko wane ne. Wata kaza ta ce in ɗaya ta shiga, me zai hana goma. Nomau ya ba da umarni kowa ya kankare maƙwabcinsa.

Aka shiga kankarar lallen da ake kwana bakwai ana tattali. Abin da aka tono bai yi wa kowa daɗi ba. Aka samu ragon da ke da baƙin tabo a bayan kunne, wanda ya yi shekaru yana rufewa da toka. Aka lura, karo na farko, cewa ƙafafun Lanti ba farare ba ne. Zomon nan mai maganar rashin kunya aka ɗaga wutsiyarsa, aka yi salati. Raguna huɗu suka kayar da Nomau kansa, suka yi ta tonon gashin shekara goma sha ɗaya suna neman fatar, yana ihu yana cewa shi ne shugaba, suna cewa ai duk wanda aka kama haka zai ce. Barmo ya ga balbelu sun nufo zana za su auna inda farinsa ya tsaya, ya tashi ya bar dajin gaba ɗaya. Arzika alƙali yana kallon layi sai ya ji ana kankarar gindinsa, ya juya ya kai harbi.

A daidai wannan lokaci Lamba Tara da Lamba Uku suka sha Kwanar Tsamiya kafaɗa da kafaɗa. Tabawa ta ga birin Lamba Tara ya kwanto gefe har kunnensa na shafar ƙasa. Ta ga taɓo ya tashi sama rana ta ratsa shi. Ta ga ashe ƙafar nan mai siririn kuka karkatacciya ce, ta yi dariya ita kaɗai. Suka tsallake layi. Direbobin ba su san wanda ya riga ba, don taɓo ya rufe musu ido. Suka waiwayi bencina suna jiran ihu, suka ga ɗaruruwan ƙeyoyi.

Washegari majalisa ta zauna neman wanda ya ga ƙarshen tsere. Aka bi benci benci, ba a samu ba. Sai Tabawa ta matso, lallenta na nan ba wanda ya taɓa shi, ta ce ita ta gani.

Nomau, da rabin gashinsa a tuje, ya tambaye ta wa ya ci.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni Lamba Tara nake so, kowa ya sani. Amma naka ne ya ci. Lamba Uku ya riga shi da tsawon hancin gadu. Je ka a yi maka sausaya, ka huta da wannan kaya."

Nasarar da Nomau ya yi shekara goma sha ɗaya yana jira ga ta an ajiye masa a gaba, abin da ya rage kawai ya ce Tabawa ta gani. Ya dubi Lanti, ya dubi raguna. Sannan ya gyara murya ya ce, bisa ƙudurin majalisa Kujerar Haɗin Kai jama'a take fuskanta, wanda ke fuskantar jama'a kuwa ba shi da hanyar ganin layi, saboda haka babu shaida a gaban majalisa. Aka soke tseren shekarar. Aka kuma amince a kafe ƙafafun kujerar a ƙasa, a yi mata rumfa ta baya, don kada taɓo ya ƙara ɓata launin wanda aka zaunar.

Tabawa ta yi godiya, ta tafi gida, ta cika kwana bakwai ɗinta ba wanka. Kafin wata damina idon hagun ya rufe. Tana nan tana zuwa bayan zana, kuma duk sanda ta ji siririn kukan nan sai ta karkata kai gefe, kamar yadda birin ya yi. Nomau yana nan yana jan gashinsa a ƙasa, ana take masa.

Har yau in ka je dajin ka tambaya, za a gaya maka cewa babu wanda ya ga ƙarshen tseren wannan shekara. Tabawa ce kawai.