Rasuwar Goggo, Safar Hannun Mai Tsaron Raga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Nobue Shirahata, a madadin surukata da 'yata da duk wanda ya taɓa zama a bencin filin ƙanƙara na unguwarmu a nan Tomakomai har ƙafafunsa suka sage, nake sanar da rasuwar Goggo, safar hannun kamun ƙwallon hokin ƙanƙara ta gidanmu. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi, a bakin raga, tana bakin aikinta, ƙwallo na cikin bakinta. Ta rasu ta girmi yarinyar da ke sanye da ita.

Mijina Rikio ne ya ɗauko marigayiyar daga shagon Baba Nukui mai kayan hoki tun kafin ya ɗauko ni daga gidanmu, kuma in na yi ƙorafin ta cika mana ɗaki ba ya jin kunyar tuna mini da haka. Rikio bahago ne. Yana riƙe sanda da hagu, yana kamawa da dama, saɓanin yawancin masu tsaron raga, kuma safar irinsu ba ta zama a kan kantar shago. Sai da ya jira hunturu guda kafin a kawo ta. Ta zo da taurin kai irin na kowace sabuwa, ba ta buɗuwa ba ta rufuwa. Ya sa mata ƙwallo a baki, ya ɗaure ta tamau da igiyar takalmin ƙanƙara, ya tura ta ƙarƙashin katifa ya riƙa kwana a kanta. Da gari ya waye, in jirginsu na kamun kifi bai fita ba, sai ya kwance ta ya kai ta fili, abokansa na bakin tashar ruwa su yi ta dukan ƙwallo cikinta har ta yi laushi ta ɗauki siffar hannunsa. Haka ake horar da su, kuma ban taɓa jin an sami wata gajeriyar hanya ba.

Sunan kuwa 'yarmu Tsugumi ce sanadinsa. Tana fara tafiya ta ci karo da safar a zaure, ta cusa kanta ciki. Ubanta ya ɗago ta yana dariya, ya ce, "Ke, haka ake yi wa manya? Gaishe ta. Goggonki ce, ta girme ki nesa ba kusa ba." Ya nuna ɗaya safar, mai allo a baya, wadda ake kare ƙwallo da ita, ya ce, "Wannan mai faɗin kuma Baffanki ne. Shi ba ya karɓar baƙi, kora yake yi." Daga ranar ba a sake kiransu da wani suna ba.

Marigayiyar ta kasance mai riƙon amana. Abin da ya shiga bakinta ba ya fitowa sai alƙalin wasa ya busa. Ba ta da yawan magana, kalma ɗaya gare ta: tab! Amma wanda ya san ta yana iya tsinto wannan tab ɗin daga cikin ihun fili duka, ko yana waje yana sayen shayi. Ta sha duka shekara da shekaru daga mazan da ke jan raga a teku, ba ta taɓa kai ƙara ba. Aibinta ɗaya, kuma gaskiya ba ta hana jimami: tana da wari. Wari ne da in an buɗe jaka a mota sai kowa ya zuge gilashi ko da ana zubar dusar ƙanƙara. Yau da za a sayar mini da wannan warin a kwalba, da na saya.

Tsugumi na da shekara bakwai jirgin su Rikio ya fita cikin tsananin hunturu ya dawo babu shi. Teku ta maido mana da shi daga baya. Ba zan tsawaita a nan ba, wannan sanarwar ba tasa ba ce. Abin da ya kamata a sani shi ne yarinyar ta daina magana. Ta ci abinci, ta je makaranta, ta dawo, kamar an kashe rediyo a gidan. Har wata safiya na juyo daga murhu na gan ta tsaye, Goggo ta haɗiye mata hannu har gwiwa. Ta ce, "Mama, kai ni fili."

Malam Hoshiba, mai koyar da 'yan mata hoki, ya dube ta ya dube ni. Ya ce, "Maman Tsugumi, wannan safar manya ce. Ko rufe ta ba ta iyawa. Ga shi yarinyar ba bahaguwa ba ce. Ku je wurin Nukui ya auna hannunta ya ba ta ta yara. Safar mai tsaron raga ba rigar makaranta ba ce da ake saya babba don yaro ya girma a ciki."

Yarinyar ta ce, "Malam, in ba da Goggo ba, ba na tsayawa."

"To wa zai yi kamun, ke ko ita?"

"Mu biyu."

Ya juya baya yana gyara hularsa ya daɗe. Sannan ya ce ta shiga raga, kada ta tsaya tana ɓata masa lokaci. Ta cusa soso a bakin yatsun don hannunta ya kai. Da farko da hannu biyu take rufe ta. Ta koyi riƙe sanda da hagu, ta mai da kanta bahaguwa da gangan saboda safa ɗaya, kuma kowace shekara tana rage soson kaɗan kaɗan har ya ƙare. Magana ta dawo gidanmu, har ta yi yawa.

Game da jinyar marigayiyar, likitanta Baba Nukui ya ce bushewar fata ce, kuma ya san dalili, mu ma mun sani. Kowa a wannan tsibirin ya san ba a shanya kayan fata kusa da murhun kananzir. A zaure mai sanyi ake ajiye su su bushe a hankali. Surukata Kaka Kiyono ta fi kowa sani, ita da ta reni mai tsaron raga. Amma kowace yamma, da Tsugumi ta dawo ta jefar da jaka, tsohuwar za ta zaro Goggo a jiƙe, ta ɗora ta a kan ƙaramar kujera daf da murhu, ta juya bakinta wajen wuta. Sau ɗaya na yi magana. Na ce, "Inna, fatar za ta bushe ta tsage fa."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Sanyin da ɗana ya sha ya ishe shi. Bar hannun ya ji ɗumi."

Ban sake cewa komai ba, kuma duk wanda ke ganin zai iya cewa wani abu ya zo ya gwada. Baba Nukui ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya shafa mai, ya sake saƙa ragar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, ya yi faci a kan faci. Zuwan ƙarshe ya ce wa Tsugumi, "Ke 'yar Rikio, na ɗinke tsohuwar nan har allura ta rasa inda za ta kama. Ki bar ta ta huta." Ta ce masa shi ma tsoho ne kuma bai huta ba. Ya kore ta daga shagon da tsintsiya, yana dariya.

Ajali ya zo a wasan su Tsugumi da 'yan matan garin Kushiro. Wata doguwa ta sako ƙwallo daga nesa da dukkan ƙarfinta. Tsugumi ta miƙa hannu yadda ta saba. Ina bencina ina jiran tab, sai na ji ɓarat, kamar an yaga buhu. Tafin safar ya rabe biyu. Duk da haka ba ta saki ƙwallon ba, kuma yarinyar ba ta cire hannu ba sai da aka tashi. A asibiti aka ce ƙashin yatsa ya tsage. Aka ɗaure.

Baba Nukui ya juya Goggo gaba da baya, ya cire gilashinsa, ya ce, "Ta tafi." Ya auna hannun Tsugumi daga gindin tafi zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, ya ce matsakaiciya ce daidai da ita, ba ta yara ba, ba ta manya ba, kuma dole ta masu kamawa da dama tunda ta riga ta zama haka. Babu irinta a shago, sai daga Sapporo aka aiko da ita, tare da mai allonta. Farare fat, ga ƙamshin sabon abu, ga tauri kamar katako. Tsugumi ta leƙa cikin sabuwar, ta tura ta gefe. Ta ce, "Babu kowa a cikinta. Mama, na bar hoki."

Malam Hoshiba ba shi da wata mai tsaron raga, amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Na san yadda gidan nan yake in babu hoki. Kwanakin da suka biyo baya rediyon ya sake mutuwa, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da jirgi ya dawo.

Jiya ni da Kaka muka zauna goge marigayiyar don shirya ta. Tun rasuwar Rikio ban taɓa sa hannuna cikinta ba. Ina jin tsoron in taɓa shi, ina kuma jin tsoron kada in share shi. Jiya na sa. Rikio hannunsa kamar shebur yake, yatsu masu kauri, don haka na zaci hannuna zai yi ta yawo a ciki. Sai na ji ya matse. Ƙananan ramuka ne guda biyar, sirara, kowane a lotse daidai yatsan yarinya. Can gaba, inda nasa suke kaiwa da, fatar ta haɗe ta rufe tun tuni.

Na miƙa wa Kaka. Ta sa hannu. Ta lalubi ramukan. Sai ta ce, "Wannan ba hannun Rikio ba ne." Ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. "Ashe duk shekarun nan hannun wannan ja'irar nake gasawa!"

Ba mu san Tsugumi na tsaye a bakin ƙofa ba. Ta ce, "To ina Babana ya tafi?"

Kaka ta share fuska da bakin riga. Ta ce, "Ya tafi inda ya tafi, 'yar nan. Abin da ya bari ga shi nan tsaye a ƙofa yana tsare ni da ido, yana riƙe sanda da hagu kamar ubansa. Ke kika cika safar nan da kanki, mu muka yi ta yi mata kallon wani."

Yarinyar ta juya ta tafi. Bayan cin abinci ta fito da sabuwar safar, da ƙwallo, da tsohuwar igiyar takalmin ubanta. Ta ajiye a cinyata ta ce, "Ɗaure mini. Yatsana ba ya iyawa." Na ɗaure tamau. Ta kai ƙarƙashin katifarta. Ba ta ce za ta koma ba, ni ma ban tambaya ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar ɗan'uwanta Baffa, wanda ya yi ritaya daga ranar, da kwalkwali ɗaya mai tabo a haɓa, da matasan kariyar ƙafa guda biyu, da jaka da za ta ci gaba da tunawa da ita ta hanyar da muka ambata. Kaka ta amince sabuwar za ta riƙa bushewa a zaure, bisa sharaɗin a bar mata Baffa. Yana kan ƙaramar kujera yanzu haka, daf da murhu, kuma ba mai ɗaga shi.

Za a yi jana'iza Asabar ɗin farko bayan likita ya kwance ɗaurin yatsa. Da hantsi za a kai Goggo ƙaramin haikalin da ke bayan tashar ruwa, inda malamin haikali ya yarda ya yi mata addu'ar godiya irin wadda ake yi wa karyayyun allurai da tsofaffin kayan aiki. Baba Nukui ne zai ɗauke ta. Daga nan za a wuce fili kai tsaye. Iyalan suna roƙon kada a kawo furanni, kada a kawo ambulan ta'aziyya. Abokan Rikio na bakin tashar ruwa, ku da kuka horar da marigayiyar tana sabuwa, na san gwiwoyi sun tsufa, amma ku kakkaɓe sandunanku ku zo da su. Za a ajiye sabuwar safa a kan raga. In yarinyar ta ɗauka ta sa, ku fara a hankali, sannan ku doka kamar yadda kuka dokar wa ubanta. Ni ina bencin da na saba, na uku daga ƙofa, ina jiran in ji ko za ta ce tab.