Saukar Gaggawa a Zauren Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Yaya Kabiru ya zo gaishe da Baba a Bungudu ba. Abokin yayana ne, yana koyon tuƙin jirgin sama, ni kuma tun ina sakandare nake sonsa a ɓoye (a tunanina ke nan, domin har awakin gidanmu sun sani).

Inna ta ce in kai musu fura. Na cika kwano har baki don kada ya ce ina da rowa, na ɗaura zani a gurguje, na nufi zaure. A bakin ƙofa na ji Baba yana tambayarsa yadda suke sauke wannan ƙaton ƙarfe bai tarwatse ba.

"Baba, tun daga nesa ake shirya sauka," in ji shi, da muryar nan tasa mai sanyi. "Akwai fitilu huɗu a gefen titin jirgi. In ka ga biyu farare biyu jajaye, kana daidai. Duka farare, ka yi sama da yawa. Duka jajaye, ka yi ƙasa, haɗari ke nan. In ka matso kuma gudunka bai daidaita ba, ba a dagewa. Sai ka ƙara wuta ka tashi, ka sake zagayowa. Ba abin kunya ba ne."

Wallahi da kunnena na ji shi. A daidai lokacin kuma zanina ya fara sassautowa, kwano yana zamewa a kan faranti. Komawa in gyara ba wani abu ba ne. Amma na ji ya ce zai kama hanyar Gusau kafin la'asar, sai na danna kai kawai.

Ko sallama ban ƙarasa ba na taka bakin zani, na zube. Fura ta riga ni gaishe shi: farar shaddarsa, hularsa, har gira.

Baba ya dube ni, ya dube shi.

"Kabiru, wagga saukar, fitilun mi ta gani?"

"Baba, ai ba ta ma duba ba," ya ce yana goge fuska.

Yanzu yana can nesa wurin aiki. In ya kira yayana yakan ce a gaishe masa da "mai fura". Na dai koyi cewa abin da mutum zai riƙa tuna ki da shi, gara ki zaɓa da kanki a natse. Sunan yana ƙona min rai, amma duk sanda wayar yayana ta yi ƙara, sai in tsaya in ji ko za a ambace shi.