Askar Kakana da Hoton Jarrabawa

Ranar da za a ɗauke mu hoton katin jarrabawa a Makarfi, na duba madubi na ga 'yan silin gashi a haɓata. A idona kuwa daji ne guda. Na ce wannan gemu ya fi ƙarfin reza, sai askar marigayi kakana wanzami. Na zaro ta daga zabira, na wasa ta har tana walƙiya.

Kakata Inna tana tsince wake, ta ɗago kai. "Angona, me za ka yanka? Layya da saura."

"Aski zan yi, amarya. Ai aska ba ta cin ɗan gado."

Haka na taso ina ji, shi ya sa ko sabulu ban shafa ba. Sabulu na 'yan koyo ne. Na ɗora askar a kunci, na gangaro. Gashin nan ko gezau, kuncina ne ya amsa.

Ƙanwata ta ruga waje tana shela wai Yaya ya yi wa kansa bille. Inna ta yi dariya har wake ya zube.

"Ba ta cin ɗan gado? Kana tsammanin don ado kakanka ya tara gemu?"

Mai hoto ya ce in cire audugar da na manna. Da ya ga abin da ke ƙarƙashinta, ya ce in mayar. Hoton nan ne zai hau takardar sakamakona.

Yanzu ko rake na je saya, sai an rusuna: "Ran Sarkin Aska ya daɗe! Yau wa za a yanka?"